Darasin da Ba a Kai Gare Shi Ba

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa. Yayarka da yaranta lafiya. Ƙafata da sauƙi. Babanka ne ban gane masa ba.

Ka san ajin lafiya da wata nas take yi wa tsofaffin unguwa a tsohon shagon kafinta. Makon jiya ta koya mana alamomin shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe. Ta ce mako mai zuwa za ta faɗa mana abin yi. Da muka koma, sai muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Gudummawar da ake biyan haya da ita ta ƙare.

Jiya Babanka yana kan keken ɗinkinsa, almakashi ya faɗi daga hannunsa. Na ce ya yi mini murmushi. Ka san tun da na fara koyon karatu da rubutu Malama yake kirana. Ya ce, "Malama, daga koyon baƙi sai likitanci?" Ya yi dariya, amma rabin bakinsa ne kawai ya yi ta. Can anjima ya koma daidai. Ya rantse ba zai je asibiti ba.

Ana karo-karo don a buɗe ajin. Ka taimaka. Ka yi haƙuri da rubutuna.

Mahaifiyarki... ka ga, mahaifiyarka.

*

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Rubutunki ya fi nawa kyau yanzu!

Ki kwantar da hankalinki. Baba tun muna yara da gefen baki yake dariya, musamman in ya cinye wani a gardama. Wannan ajin tsoro kawai yake ƙara muku. Tunda ya warware, ai gajiya ce. Ki bar shi ya huta, mu gani zuwa ƙarshen wata. Maganar gudummawa kuma, in na zo ma yi ta.

Ki gaishe da Baba, ki ce ina jiran rigata.

Ɗanki, Auta.

*

Auta,

Yayarka da yara lafiya. Babanka yana asibiti.

Na bar shi ya huta kamar yadda ka ce. Shekaranjiya da safe ya buɗe baki zai kira ni Malama, kalmar ta ƙi fita. Maƙwabcinmu direba ne ya ɗauke mu.

Nas ɗin ajinmu na tarar a bakin aiki. Na ce mata, "Ga shi, alamomin duk na gane su. Mene ne abin yin da ba ki faɗa mana ba?" Ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, darasin gajere ne. Ko ya warware, kada a jira."

Rigarka tana kan keke, saura hannu ɗaya.

Mu da yawa ne a ajin nan, Auta, kuma duk inda na tsaya a darasin nan suka tsaya. Kwaɗon yana nan a ƙofa. Ka aiko da abin da ya sawwaƙa.

Likita zai yi magana da iyali ranar Alhamis. Babanka ƙofa kawai yake kallo. Ka ba ni amsa kafin ranar, ko za ka zo.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.