Na Nuna Muku Katakon Tun Kafin Fiffiken Ya Ɓalle

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Haɗa Ƙananan Jiragen Sama da Hannu, Hanyar Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, sunana Haruna, kafinta a unguwar Mansur, kuma a Makka furfura ta same ni ina wannan sana'a. Ni ne ma'aikacin da takardarku ta ce sakacinsa ya kashe matuƙinku Adil, wanda fiffiken jirginsa na dama ya ɓalle yana tsakiyar alkafura a sama. Da Hausa na rubuta don mutanen unguwarmu su riga ka karantawa. Ba za ka rasa mai fassara maka ba.

Na ɗaya. Kafilina, wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙasar nan, ɗan ƙungiyarku ne, shi ya kai ni rumfarku in manna dogon katakon da ke riƙe fiffike. Gam ɗin da kuka ba ni ya yi zafin Makka guda cur a cikin kwantenar ƙarfe. Ina buɗe gwangwanin na ga ya yi gudaji kamar kunun da ya kwana.

Na biyu. Ubangidana a Kano ya koya mini abu ɗaya da ban taɓa bari ba, ko ƙofar banɗaki zan yi. Ina manna guntaye biyu da gam ɗin aikin, in bar su su bushe, in doka musu guduma. Idan katakon ya tsage, gam na da kyau. Idan suka rabu a mahaɗi, gam ya mutu. Waɗanda na manna da gam ɗinku sun rabu sumul, ko tsinke ɗaya bai bi wani ba. Na kai wa injiniyanku, ya juya su a hannu yana dariya, ya ce jirgi ba kabad ba ne, Takari ya tsaya a kan abin da ya sani. Daga baya ya sa hannu a takardar bincike yana shan shayi, ko leƙa cikin fiffiken bai yi ba.

Na uku, kuma nan ne nawa laifin. Na manna. Iƙamata, takardar iznin zamana, tana hannun kafili, ya ce in yi, na yi. Abin da na iya kawai shi ne na gaya wa Adil kada ya juya jirgin nan a sama. Ya dafa kafaɗata ya ce injiniya ya duba, Baba ka kwantar da hankalinka. Wannan nauyin na ɗauka, da shi zan tsaya gaban Allah. Amma ba zan haɗa da naku in ɗauka ba.

Na huɗu. Abin da ya fi ba ni ƙyama ba faɗuwar jirgin ba ce, abin da ya biyo baya ne. Ba a yi sadakar uku ba, bidiyon faɗuwar yana yawo a wayoyin mutanenku, ana tsayar da shi daidai inda fiffiken ya rabu ana sharhi. Sannan kuka zauna a cikin sanyin na'ura kuka rubuta shafi biyu, babu gam a ciki, babu kwantena, babu injiniya, sai ni. An bar jaki ana dukan taiki. Tir da wannan aiki, wallahi.

Adil ɗan layinmu ne, a gabana aka haife shi. Mahaifiyarsa Hajiya Rabi, wadda ni na yi wa ƙofar gidanta, ta daina amsa gaisuwata. Ba ta zage ni ba. Kau da kai kawai take yi, ta ja mayafi ta wuce.

Don haka ina roƙon ku janye takardar nan, ku sake bincike, ku kira injiniyan ya rantse cewa ban nuna masa komai ba. Sannan ku tako Mansur da ƙafarku ku gaya wa Hajiya gaskiya, domin daga bakinku aka kai mata ƙaryar.

Guntayen nan biyu ban yar ba. Ɗaya yana cikin ambulan ɗin da na aiko maka, shafa fuskarsa da yatsa ka ji yadda take santsi. Ɗayan na kai wa Hajiya ranar Juma'a. Ba ta karɓa ba, na ajiye a dokin ƙofa. Da na wuce bayan la'asar, ba ya nan.

Allah ya jiƙan Adil, ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Kai kuma Allah ya tsare maka naka 'ya'yan, ya ba ka ƙarfin faɗin abin da ka riga ka sani.

Wassalam.

Haruna Kafinta,
Mansur, Makka.