Shekara Talatin Ni Ce Bakinsa

Litinin, 3 ga Maris
Kwana tara ke nan da yanke wa maigida ƙafa. Ciwon suga. Likita ya ce wurin yana warkewa, mun gode Allah. Abinci ne dai ya ƙi ci. Kafintan da ke tashi da kwano biyu, yanzu cokali uku sai ya juya fuska bango.

Talata, 4 ga Maris
Wata nas ta zo da koren fayil. Wai bincike suke yi a kan damuwar majinyata, nan ɗakin 'yan tiyata. Na ce mata ƙafa aka yanke, kansa ƙalau yake. Ta yi murmushi, ta jawo kujera ta zauna. Ban taɓa ganin nas a zaune bakin gado ba.

"Baba, kana samun barci?" Na ce yana samu. "Kana jin daɗin hira da mutane?" Na ce sosai ma. Shekara talatin ni ce bakinsa, a kasuwa da gaban dangi. Shi dama magana ba ta dame shi ba, ni kuwa Allah ya hore mini.

Alhamis, 6 ga Maris
Mai koren fayil ta dawo. Wai amsoshin shekaranjiya nawa ne, ba za ta sa su a bincikenta ba. "Mama, don Allah ki ba mu minti goma." Ta ja labule. Ni aka kora! Na zauna a benci a baranda kamar mai neman aiki. Minti goman ya zama arba'in. Na cika na batse.

Juma'a, 7 ga Maris
Ta kira ni gefe. Ta ce shi ya ba ta izini ta faɗa mini, don bakinsa ba zai iya ba. Ba ya barci, rufe ido yake don in samu in huta. Abincin ma da gangan yake bari. Yana ganin in ya tafi, na huta da ɗawainiya.

Ni da ke manne da gadonsa safe da yamma. Na shiga banɗaki, na buɗe famfo, na yi kuka mai isata.

Laraba, 12 ga Maris
Likitan ƙwaƙwalwa da kansa yake zuwa har gado, ba a tura mu wani gini ba. An ƙara ƙwaya ɗaya, suna kuma hira bayan labule. Ni ma nas ta ba ni nawa maganin: in an tambaye shi, in ƙirga goma a zuci kafin in buɗe baki. Ashe goma da nisa.

Lahadi, 16 ga Maris
Rabin kwano yau. Allah ya saka wa nas ɗin nan da alheri. Da ta karɓi amsoshina ta tafi... ba na son tunawa.

Juma'a, 21 ga Maris
Ya cinye, har ya yi ƙorafin gishiri. Ya girgiza ƙofar lokar gefen gado, ya ce wanda ya haɗa ta bai ji tsoron Allah ba, a kawo masa sukudireba daga gida.

Mai koren fayil ta zo zagayen ƙarshe. "Baba, yaya jiki?" Bakina ya motsa, na cije shi. Sai da na kai bakwai. Ya ce, "Ƙafar da sauƙi, 'yata. Zuciyar ce da saura, amma tana tafe." Ban san yana da irin wannan maganar ba.

Ta rufe fayil, ta juyo. "Mama, ke fa, kina barci?" Zan ce lafiya lau ke nan, maigida ya dafa hannuna ya ce, "Ƙirga goma."

Na ƙirga. Ban ce lafiya lau ba.