Karayar Yaya Khalilu da Ƙuri'ar Asusu

Hajiya Sa'adiya, ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

A Ƙuba nake zaune, nan Madina, maigidana injiniya ne. Yayana Khalilu ya zo umara daga Gusau. A Bi'ir Ali, wurin wankan ɗaura harami, santsi ya kwashe shi, ƙashin cinyarsa ya karye. Ni kuma don kada a ce na kai baƙona asibitin gwamnati, na ce a wuce da shi na kuɗi a unguwar Sultana. Ashe ta'amin ɗin maigida, wato inshora, mu da yara kaɗai ya shafa. Sun sa za a yi masa aiki ranar Alhamis, riyal dubu goma sha takwas. Na sayar da awarwarona, ko rabi bai kai ba.

Ga inda kunyar take. Ƙungiyarmu ta 'yan Nijeriya za ta sake ƙuri'a kan kafa asusun taimakon wanda tsautsayi ya afka wa. Bara ni ce na miƙe na ce kowa ya ji da baƙonsa, maganar ta faɗi. Bana a Alhamis ɗin nan za a ɗaga hannu, mai uzuri kuma ya jefa takarda a akwati tun Litinin. Yanzu ina son a kafa shi, amma wallahi nauyi nake ji, har na ce gara na yi zamana.

Mai cizon yatsa, Madina

'Yar'uwa, sannu. Son fita kunyar yayanki ba laifi ba ne, amma ƙashi ba ruwansa da sunan asibiti. Gobe da safe ki ɗauki fasfonsa da hoton ƙashin ki nufi na gwamnati. A sanina, mai bizar umara da ya yi hatsari ba a cika karɓar kuɗinsa ba. Ki tambaya tukuna kafin ki sa hannu a wata takarda.

Ƙuri'a kuwa, ki jefa tun Litinin. Alhamis kina kan majinyaci, kuma akwati ba ya kallon fuskar kowa. In tsoronki na bara shi ne a yi wasa da dukiyar jama'a, tsoro ne mai tushe, sai ki nemi a sa masu sa ido.

Kada ki sa rai asusun zai biya wannan aikin, ba zai taru da wuri haka ba. Wata ce za ta ci moriyarsa, wadda baƙonta zai faɗi baɗi ba ta da ko awarwaro ɗaya. Dominta ki daure ki je.

Allah ya ba Malam Khalilu lafiya, ya sa ya ƙarasa umararsa da ƙafafunsa.