Aljanin da Na Ƙirƙira Ya Hana Ni Gini

Assalamu alaikum Baba Maitama. Don girman Allah ka cece ni, amma ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka yi dariya, domin duk wanda na kai wa kukana sai ya riƙe ciki tukuna.

Ni mutumin Kaura Namoda ne, ina sayar da kayan babur. Shekarata tara da aure, 'ya'ya huɗu, kuma har yau muna cunkushe a ɗaki biyu cikin gidanmu na gado, inda in ka yi atishawa mutum ashirin za su yi maka addu'a. Matata Nadiya ta yi haƙuri iyakar haƙuri. Bara na dafa ƙirji na yi mata alkawarin damina mai zuwa a gidanta za ta same ta. Ina da fili a bakin gari, ta hanyar Kasuwar Daji, gonar kakanmu ce da gari ya cinye.

Na tafi Gusau wajen mai zanen gidaje, na ba shi tsawo da faɗi a takarda, na lissafa masa son raina: falo biyu, kicin na zamani, da rumfar mota, motar da ban saya ba tukuna. Ya zana har da hoto mai launi da furanni a ƙofa. Babu wanda ban nuna wa hoton nan ba, har wanda ya shigo shago sayen fulogi sai ya ga falona kafin ya fita. Abin da ban gaya wa mai zane ba shi ne akwai wata ƙatuwar tsamiya a filin. Ban ga amfanin faɗa ba, tunda a zuciyata na riga na sare ta. Ranar da Namadi, maginin da na ɗauko daga Zurmi, ya ja igiya ya kafa turaku, sai ga tsamiya a tsakiyar babban falo, daidai inda aka zana teburin gilashi.

To, a nan aka fara. Ashe lokacin da aka raba gadon kakanmu, mahaifina aka ba ƙasar, ƙanwarsa Gwaggo Tasalla aka ba tsamiyar, a gaban shaidu, kuma biyu daga cikinsu sun ƙi mutuwa har yanzu. Na san duk rani tana zuwa da ƙugiyarta ta kaɗa, ta kai kasuwa, amma na ɗauka alfarma ce mahaifina ya yi mata. Na je na durƙusa na ce zan dasa mata mangwaro goma a madadi. Ta ce shekararta saba'in, wa zai jira mangwaro? Ta ce ɗorawarta da ke gonar daji ta wajen Zurmi shekara biyar rabonta da ganinta, kowa ya san abin da ya hana shiga, wannan ce kaɗai ta rage da ƙafarta ke kaiwa.

Ina cikin wannan sai ga malamin daji na ƙaramar hukuma a kan babur ɗinsa, wani ya tsegunta masa. Mutum mai ladabi, abin haushi, ban samu inda zan kama shi da faɗa ba. Ya kewaye bishiyar, ya shafa mata jan fenti, ya ce tsamiya ba irin itacen da ake wa gatari don an ga dama ba ce. Sai na rubuta takarda, a zo a duba, mai bishiya ta yarda, kuma ko an ba da izini sai na dasa wasu. Ya ce in da ta bushe ne, ko tana barazana ga mutane, da maganar ta zo da sauƙi.

Baba, wannan kalma ta barazana ita ta kai ni ta baro. Washegari bayan la'asar, a kan bencin ƙofar shagona, na sassauta murya na ce wa jama'a ranar Juma'a da tsakar rana na je filin, na ji ana daka a cikin tsamiyar, sannan wata murya ta kira ni da sunan da kakata kaɗai ke kirana da shi. Wallahi ƙarya ce tsagwaronta. Lissafina shi ne Gwaggo ta tsorata ta sallama, unguwa ta taso ta ce a sare, malamin daji ya sa hannu.

Kafin magariba labari ya kai tasha. Hayatu mai injin yankan itace na Shinkafi, wanda muka riga muka sa rana, ya kashe wayarsa, daga baya ya aiko cewa yana da ƙananan yara. Namadi ya zo ya tumɓuke turakunsa da hannun hagu yana karanta ayatul kursiyyu, ya ce leburorinsa sun ce ko siminti ba za su sauke a wurin ba. Sannan mutane suka shiga yi mini ƙari. Wani ɗan kabu-kabu ya rantse ya ga farin rago mai ƙafa uku a gindinta. Wata mai ƙosai ta ce ai tun tana budurwa ta san da su. Ni aljani ɗaya tak na ƙirƙira, yanzu an yi masa mata da 'ya'ya da surukai.

Wadda na yi domin ta kuwa ko gezau. Gwaggo Tasalla ta ci gaba da zuwa da ƙugiyarta, har ta aiko mini da ƙullin tsamiya da godiya, wai bana babu wanda ya jefe mata ko ɗaya saboda tsoro, ba ta taɓa cika buhu kamar bana ba. Ta ce a gaya mini: "Shekara arba'in ina kaɗa iccen ga ban ga kowa ba. Aljanin ga guda na, kuma ni na yanke mai cibiya."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Nadiya. Ita ta yarda ɗari bisa ɗari, tunda daga bakin mijinta ta ji. Ta ce ko an sare, ko an gina da zinari, ba za ta kai 'ya'yanta wurin ba, gara ta mutu a ɗaki biyun nan. Ta goge hoton gidan daga wayarta. Rannan na same ta tana kuka a ɓoye, na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma har yau ban gaya mata gaskiya ba.

Ga kuma wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Makon jiya na je filin da tsakar rana ni kaɗai, sai na ji daka, lugude sosai. Baba, takalmina ƙafa ɗaya yana can har yanzu.

Wani abokina ya ce in zuba mata baƙin mai a saiwa, tunda ina da shi a shago, ta bushe a hankali a ce mutuwar Allah ce. Ni kuma ina tunanin in tona kaina, amma in na faɗi gaskiya da wane ido zan kalli benci? Damina tana matsowa. Ka ba ni shawara.

Naka, Mai Falo a Waya, Kaura Namoda.

AMSA

Wa alaikumus salam, Mai Falo a Waya. Na yi ƙoƙari, amma a wajen takalmi na kasa, sai da na ajiye tabarau.

Bari in fara cire maka tsoro. Ka ce gari ya cinye gonar, wato akwai gidaje kewaye da ita. Wace unguwa ce a Kaura ba a daka da tsakar rana? Matar maƙwabcinka ce ke shirin fura, kai kuma ka tsere wa ƙaryarka da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Ba na ganin laifinka a son gida. Magidanci mai 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu yana da haƙƙin ya gina, kuma filin naka ne halak malak. Na san akwai ciwo a ce ƙasa taka ce amma abin da ke tsaye a kanta na wani ne. Sai dai haka iyayenmu ke rabo tun da can, ƙasa daban, itace mai 'ya'ya daban, kuma galibi tsofaffin mata ne ke cin moriyar hakan. Abin da kake kira cikas a falo shi ne cefanen Gwaggo da maganinta. Malamin daji ma aikinsa ya yi. Ku da kuke ta arewacin nan kun fi ni sanin yadda ƙasa ke zama in an gama da manyan itatuwa.

Maganar baƙin mai kuwa, ka tofar da ita. Cin amanar ƙanwar mahaifinka ne, kuma bishiyar da aka shafa wa jan fenti in ta bushe, ba za a je neman mai laifi da nisa ba, garin ya san wanda ke da baƙin mai kuma yake son falo. Ga shi jama'a za su ce ka kashe gidan aljanu sun rasa matsuguni, daga nan ko kaza ba za ta kwana a filin ba.

Asalin kuskurenka tun a Gusau ka yi shi, da ka ba mai zane tsawo da faɗi ka ɓoye masa bishiya. Ka ɗauko shi ya taka filin da ƙafarsa, ka gayyato malamin daji rana ɗaya, su faɗa maka tazarar da za a bari tsakanin tushen gini da saiwa, da rassan da za a yarda a rage. A matsar da falon, rumfar mota ta jira motar. Tsamiya ta koma tsakar gida ko ƙofar gida, a bar wa Gwaggo hanyar shiga da ƙugiyarta, a rubuta hakan tun shaidun nan biyu suna da rai. Inuwar da za ka samu a watan zafi ba ta buƙatar wutar lantarki.

Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai ka kori baƙin aljanunka. Ka fara da Nadiya, yau, kafin ta ji a waje. Za ta yi fushi, kuma ta yi daidai, ka sunkuyar da kai ka sha. Sannan ka sayi goro ka je wa Gwaggo, ita ba ta buƙatar bayani. Sai benci: inda ka zauna ka faɗi ƙarya, nan za ka zauna ka warware ta, da muryar da ta fi ta farko ƙarfi. Za su yi maka dariya wata guda, wataƙila su laƙaba maka suna. Wannan ya fi sauƙi a kan matarka ta shekara goma tana kuka a ɓoye.

Na san wasu ba za su yarda ba, mai farin rago ba zai saki ragonsa da sauƙi ba. Don haka ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, ka ɗauki tabarma da filo ka shimfiɗa a gindin tsamiyar, ka yi barci har la'asar kowa na gani. Ka kira Namadi ya tsaya daga nesa ya shaida. In ka ji daka, ka aika a sayo maka furar.

Allah ya sa damina ta same ku a ƙarƙashin rufinku, ya ja kwanan Gwaggo Tasalla. In ka tashi daga barcin, kar ka manta da takalminka.

Baba Maitama