Yaya, Baba Ya Kai Doyarsa Gidan Kwano

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ka, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin ƙasar da kake. Na san za ka yi wa sallamar nan murmushi, amma na san za ka amsa, don duk abin da ka ajiye ba ka ajiye ladabi ba. Ba zan kama sunanka ba tunda a fili nake rubutu. Masu karantawa su yi haƙuri, Yaya ma ya ishe su.

Tun jiya nake neman wayarka ba ta shiga, ni kuwa ka san halina, albishir ba ya iya kwana a cikina. Baba ya yarda! Auta za ta tafi jami'a, kuma kimiyyar nan dai da take so ita za ta karanta. Zauna da kyau in ba ka labari, don wallahi ko ni da aka yi a gabana har yanzu dariya nake ni kaɗai a shago.

Ka san inda aka tsaya. Tun ranar da ka zauna a tsakar gidanmu na Gwada ka gaya wa Baba cewa ba za ka ci gaba da yin sallar da zuciyarka ba ta ciki ba, don ba ka da tabbacin akwai Mai jin ka, Baba ya kwashi laifin duka ya ɗora wa jami'ar Gidan Kwano. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Na kai musu yaro da alwalarsa, sun dawo mini da shi da tambaya." Liman ya zo ya yi nasa. Kawu Bulus, ƙanen Inna, shi ma ya taso daga coci da saurinsa, wai ko gefensu ka koma. Ka dafa musu shayi, ka saurare su, ka raka kowa har bakin hanya. Daga baya ka samu aiki ka tafi, Baba kuma ya daina ambaton sunanka a gidan.

To da Auta ta samu gurbi a wannan jami'ar, kuma a fannin kimiyya, sai Baba ya ce ko a mafarki. Ya ce an cinye masa ɗaya, ba zai miƙa ta biyu da hannunsa ba. Yarinyar nan ta yi kuka har ta rame, Yaya. Lokacin rajista yana ta ƙurewa, ita kuwa tana zaune tana fere doya, hawaye na ɗiga a kwano.

Ni ma fa a da kimiyyar nake zargi, ka tuna? Ka zo shagona na Dutsen Kura ka zauna a kan buhun shinkafa, na ce maka kwalaben nan da wayoyin da kuke haɗawa su suka juya maka kai. Ka yi dariya ka ce, "Ladi, kimiyya awo take yi. Ta auna zafi, ta auna nisa, ta gaya miki yadda abu yake aiki. Amma ko akwai wanda ya yi shi, wannan ba ya hawa sikeli. Tambayar falsafa ce, kuma masu falsafar ma wasu sun yi imani, wasu ba su yi ba. Ni na yi tunanina na tsaya inda na tsaya, kar ki ɗora wa kowa." Ban yarda da inda ka tsaya ba, har yau ma ban yarda ba, amma maganar ta zauna mini.

Na kai wa Baba ita sukutum. Ya ce maganar wanda aka riga aka gama da shi ce, in tashi in ba shi wuri.

Allah da ikonsa, bana doyar Baba ta samu matsala. A waje sai ta tsattsage, in ka yanka ka ga ruɓa a bushe daga ciki. Akwai wata Dakta 'yar Bida da ke sayen doya a wurinsa duk ranar kasuwar Gwada, sun saba sosai, har tana ce masa Baba. Shi bai taɓa tambayar inda take aiki ba. Da ta ga doyar sai ta ce ya kawo mata ofis ta duba masa. Ya ce ina ne ofis ɗin? Ta ce Gidan Kwano.

Na ɗauka ba zai je ba. Sai ga shi da sassafe a ƙofar shagona, ya sha babbar rigar Sallah, ya ƙunso doya a buhu, wai in rufe in raka shi. A cikin mota yake gaya mini ba don doya kaɗai zai je ba, so yake ya ga wurin da idonsa. Duk hanyar Bidan nan da ke kaiwa Gidan Kwano addu'ar tsari yake karantawa, har ya tofa mini a ka, ɗaliban da ke cikin motar na ta satar kallonmu suna danne dariya.

Yaya, da ka ga mahaifinka a ɗakin gwaje-gwaje! Ya ƙi zama, ya ƙi taɓa komai, ya tattare rigarsa kar ta goga wa kwalba. Dakta ta kankaro ɗan ruɓar doyar, ta jiƙa, ta ɗiga a kan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin nan da ke ƙara wa ƙaramin abu girma. Ta ce ya leƙa. Ya rufe ido ɗaya ya leƙa, sai ya yi baya da sauri yana salati. Wasu tsutsotsi ne siraran gaske suke ta mutsu-mutsu, waɗanda ido ba ya gani. Ya sake leƙawa. Ya ƙara leƙawa. Subhanallahi kuwa ya faɗe ta ba iyaka. Ƙarshe dai sai da na ja masa riga kafin ya bar ni na gani.

Da ya natsu, sai ya juyo ya dubi baiwar Allahn nan ya ce, "'Yata, ki gaya mini tsakaninki da Allah, a wane ɗaki kuke cire wa yara imani?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Baba, madubin nan tsutsa yake nunawa. Kai ka gani ka yi tasbihi, wani zai gani ya yi shiru. Madubin bai ce da kowa komai ba. Abin da mutum zai ce bayan ya ɗago kansa, daga wurinsa yake." Ana cikin haka aka kira azahar, ta ɗauki butarta. Wani ɗalibi mai sarƙar gicciye a wuya, da ke wanke kwalabe yana rera waƙar coci, shi ya nuna wa Baba hanyar masallaci.

Muka hau motar dawowa, har muka shigo gari. Buhun doyar yana kan cinyarsa, ga bayanin yadda zai zaɓi iri mai lafiya da yadda zai hutar da gonar, amma na san ba nan hankalinsa yake ba. Can sai na ji ya ce, a hankali, "Ashe shekarun nan da gini nake fushi. Yaron kuma ban taɓa zama na tambaye shi me ya gani ba." Na juya kai taga, don ba na so ya ga idona.

Jiya da yamma ya tara mu a Gwada. Ya ce Auta ta haɗa kayanta. Ta yi tsalle ta rungume Inna, Inna ta rangaɗa guɗa, kajin gidan duk suka watse. Mijina ya ce shi zai kai ta da mota. Baba ya ɗaga masa hannu ya ce a'a. Ya juyo gare ni, ya kira sunanka, Yaya, sunanka na yanka, da bakinsa, a gaban kowa. Ya ce, "Ki gaya masa ya zo ya kai ƙanwarsa makaranta, shi ya san wurin. Ban ce na yarda da maganarsa ba. Zan tambaye shi, zai amsa, in mun yi gardama mun yi. Amma ya zo gida."

To ka ji saƙo, na sauke. Kar ka kawo mini zancen aiki ko tsadar jirgi, na san ka. Ka kuma zo da shirinka, don tsohon nan ya fara tara tambayoyi, har ya sa Auta ta yi masa bayanin mece ce falsafa, ya ce ashe abin da shi da abokansa suke yi a gindin mangwaro ne bayan la'asar. Inna ta ce in tambaye ka ko har yanzu sakwara da miyar agushi kake so, ko can sun canza maka baki.

Ni dai ina kewarka, ba zan ɓoye ba. Ina yi maka addu'a a kowace salla, ka sani, ka kuma taɓa ce mini in ci gaba, ba ka jin haushin a so ka. Allah Ya tsare mini kai, Ya kawo ka lafiya, Ya haska maka abin da yake gaskiya, Ya ba Auta ilimi mai amfani. Allah Ya ja kwanan Baba har ku zauna a tabarma ɗaya ku ƙare gardamarku, ko ma kar ku ƙare, in dai kuna tare.

Ba sai ka ce amin ba, Yaya. Mu nan mun faɗa a madadinka. Kai dai ka sayi tikiti.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Ladi
Dutsen Kura, Minna