Ganyen Bayan Rijiya

Zuwa ga Kakata,

Ina gaishe ki da kyau, ke da Inna da yara. Yaya gwiwar taki? Ki daina ɓoye ciwo, na san halinki.

Ni lafiya ƙalau, aikin ɗakin wankin otal yana tafiya. Ɗan tari ne ya liƙe min sati uku, kada Inna ta ji.

Shekaranjiya na ce bari in yi sirace irin naki. Na ɗora tukunya, sai na yi tsaye, ashe ban san sunan ganye ko ɗaya ba. Kullum cewa kike, "Tsinko na bayan rijiya, ki haɗa da na jikin katanga." Wuraren na riƙe, Kaka, ba ganyen ba. Da aka tashi aiki na shiga lambun bakin titi ina murza ganye ina shinshinawa, har mai gadi ya tambaye ni ko na yar da wani abu. Na ce masa e.

Don Allah ki zaunar da ƙanwata, ki faɗa mata sunayensu da yawan da ake sawa, ta rubuto min. Kada ki ce sai na dawo. Shekara huɗu ke nan kina faɗin haka.

Siracen dai na yi, da ruwan zafi zalla. Na lulluɓa, na ɗan yi zufa. Sai dai tururin ya yi ta gudu ta gefe, don babu mai danne min bakin bargon.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Jikarki mai kunnen ƙashi.