Takardar da Na Ƙi Bugawa

Ranar Litinin

Zuwa ga maigidana, Baban Yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya kuma gwiwar nan da ka ce tana damunka in ka daɗe a tsaye? Mu nan lafiya lau. Umma tana gaishe ka. Haƙoran Auta na gaba biyu sun faɗi, duk wanda ya shigo gidan sai ta nuna masa giɓin. Tunda har yanzu waya ba ta shiga a wurin aikin gadar nan taku, na ba direban kamfaninku wannan, in zai juyo ka ba shi amsa.

Babban labari shi ne Kawu ya fito takarar kansila a mazaɓarmu, saura mako biyar a yi zaɓe. Ka san matsayin Kawu a wurina. Da Baba ya rasu ina 'yar shekara tara, shi ya zo ya kwashe mu ni da Umma, ya ba mu ɗakin da ya fi kowanne iska a gidansa. Shi ya sa ni makarantar koyon buga rubutu, shi ya riƙe hannuna ya kai ni maɗaba'ar da nake aiki yau, ya ce wa Manaja ya gwada ni. Don haka da na ji labari ban tsaya tunani ba, na ce ƙuri'ata ta riga ta shiga akwati.

Abokin karawarsa kuwa, in ka ji sai ka yi dariya. Mai Kemis ne na bakin titi, mutumin nan da na je wurinsa shekara biyu da suka wuce Auta na zazzaɓi, na ce ya ba ni maganin da aka yi mini kwatancensa, ya dube ni ta saman tabarau a gaban mutane ya ce ba ya bayarwa sai da takardar likita, in kai ta asibiti. Tun ranar nake zagaye shagonsa.

A wurin aiki injuna ba sa hutawa, duk ɓangarorin biyu a wurinmu suke buga fastoci. Na Kawu suna kan teburin dama, yana murmushin nan nasa da ke sa baƙo ya ji ya iso gida. Na Mai Kemis suna hagu, fuska a murtuke. An ce mai hoto ya yi rabin awa yana roƙonsa ya saki rai, ya ce ba tallan man goge baki ya zo yi ba.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini. Ranar Laraba na buga wa Kawu wasiƙa zuwa ga mata masu sayar da kaya a bakin titi, cewa muddin yana kan kujera ba mai tayar da su. Washegari na buga masa wata zuwa ga ƙungiyar direbobi, cewa zai share musu bakin titin tas. Na san halinsa, ba ya iya ce wa mutum a'a. Na dai buga, na yi shiru.

Ka riƙa shafa maganin nan a gwiwar, kar ka ce ka manta.

Taka har kullum,
Gajeriyarka


Ranar Asabar

Baban Yara,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Na sami amsarka, na ji daɗin jin gwiwar ta yi sauƙi. Yara lafiya, Umma ma da sauƙi, mura ce ta ɗan taɓa ta. Ka ce kar in damu da zancen wasiƙu biyu, duk ɗan takara haka yake. Da nan abin ya tsaya, da ban sake tayar maka da shi ba.

Shekaranjiya wanda suke kira Sakatare, mai kula wa Kawu da harkar kamfen, ya shigo da wata takarda rubutun hannu, ya ajiye a gabana ya ce in buga ta, ana so a raba a unguwa. Na fara bugawa ido na kan rubutun, sai a layi na huɗu yatsuna suka tsaya. Cewa aka yi Mai Kemis ya sayar da maganin da ya lalace, shi ya kashe ɗan mai walda na bayan layinmu.

Baban Yara, ka tuna yaron nan. Da sikila aka haife shi. Ni na raka uwarsa asibiti a ciwonsa na ƙarshe, ni na riƙe mata jaka tana sa hannu a takardu. Kwana tara ya yi a gadon asibiti, ba abin da ya shiga bakinsa daga wani kemis. Na ce wa Sakatare ba zan buga ba. Ya yi dariya ya ce ashe 'yar gida ce za ta fara juya baya. Manaja ya kira ni ofis, ya tuna mini wanda ya kawo ni wurin, ya kuma ce masu neman kujerata suna da yawa. Na ce ya ba ni zuwa yamma.

Da na tashi na wuce gidan Kawu. Tsakar gidan cike da benci da mutane, kowa da buƙatarsa. Yana ganina ya taso ya ja ni ɗakin ciki, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi lafiyarka. Na miƙa masa takardar. Ya karanta har ƙarshe, ya cire hula ya shafa kai.

"Ba ni na rubuta ba, 'yata," ya ce.

Na ce na sani, shi ya sa na kawo masa, don ya hana. Na gaya masa abin da na gani da idona a asibiti.

Ya ce, "Mutanen nan sun bar aikinsu suna bi na. In na fara ƙwace musu alƙalami, wa zai tsaya? Ke dai kar ki buga. Zan yi wa Manaja magana, ba mai taɓa aikinki."

Ya cika wannan alkawarin, ba wanda ya sake ce mini komai a wurin aiki. Amma takardar a aljihunsa ya sa ta, bai yaga ba. Na fito ina jin ya kare ni kamar yadda ya saba, ina kuma jin wani nauyi da ban san inda zan sauke shi ba.

Ka yi mana addu'a. Yara sun ce in gaya maka sun gama jarrabawa.

Matarka,
Gajeriya


Ranar Talata

Maigidana,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata kana lafiya kai da abokan aikinka. Mu nan alhamdu lillahi. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, sai da na bar zuciyata ta kwanta.

An buga takardar a wata maɗaba'a, an raba ta gida gida. Kwana biyu bayan nan wasu suka jefi gilashin kemis ɗin da dutse. Abin da ya fi taɓa ni matar mai walda ce. Ta zo gidanmu da takardar a hannu, ta zauna a bakin gado, ba kuka take ba, tambayata kawai take wa ya ba su izinin tono mata ɗa. Ban iya ce mata na ga takardar tun kafin ta fito ba. Mijinta kuwa ya rufe shago, ya bi majalisun unguwa ɗaya bayan ɗaya yana cewa ƙarya ce.

Sai mutanen Mai Kemis suka tashi ramuwa. Suka kawo mana tasu takardar, a kan babban ɗan Kawu, wanda shaye-shaye ya kama har aka kai shi gidan gyaran hali. Ka san wannan ba ƙarya ba ce, ka kuma san yadda Kawu ke ɓoye ciwon nan. Manaja ya ba wani abokin aikina ya buga, don kar a ce ni ce. Har an ɗora a inji sai ga Mai Kemis da kansa, da farar rigarsa ta shago. Ko sallama bai yi ba. Ya ce a tsayar da inji, a ba shi duk abin da ya fito. Ɗaya daga cikin mutanensa ya biyo shi yana cewa ai gaskiya ce, kuma su aka fara taɓawa.

Mai Kemis ya ce, "Ɗansa ba ya takara."

Ya tsaya har aka zuba takardun a injin yanka, ya yi wa Manaja faɗa a kan warin tawada da rashin taga, ya fita. Ya wuce ta gaban teburina bai ko dube ni ba.

Kar ka ɗauka na koma sonsa. Har yanzu mutum ne mai bushewar fuska, kuma ya fito fili ya ce zai tayar da masu kayan bakin titi ya mayar da su cikin kasuwa, ciki har da ƙawar Umma da ta shekara ashirin a wurin. Wannan bai yi mini daɗi ba. Sai dai ya faɗa a gabansu, suna yi masa ihu, bai canza ba da ya je wurin direbobi.

Ka rubuto cewa jini ba wasa ba ne, kuma kujerar kansila ba ta kai a ɓata zumunci a kanta ba. Na yarda da rabin maganarka. Ba ta kai ba, shi ya sa ba zan daina zuwa gidan Kawu ba ko me ya faru, ba kuma zan bi sahun masu daina gaisawa da maƙwabta saboda fasta ba. Amma ina ta tunanin wanda zai zauna a ofishin nan shekara da shekaru, ana kawo masa takardu yana sa hannu. In Sakatare ya kawo masa wata irin waccan, a kan filin wani ko shagon wata, me zai yi? Na riga na ga abin da ya yi da ta farko.

Na gaya wa Umma duka, ina tsoron abin da za ta ce, ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Tana ninke kayan yara ta saurare ni. Ta ce ita shi za ta zaɓa, don ita ta goya shi, hannunta ba zai iya zuwa wani wuri ba. Ta ce amma ni ba ta goya mini ƙuri'a ba, in je in yi abin da zan iya kwana da shi.

Saura kwana huɗu. Da kana nan da mun zauna mun yi ta musu har shayi ya huce.

Taka,
Gajeriya


Ranar Alhamis

Baban Yara, abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu duka lafiya, an yi zaɓe an gama ba tare da an taɓa kowa ba.

A makarantar su Auta aka sa rumfarmu. Na bi layi tun safe, ni da Umma da matar mai walda, muna raba inuwar lema ɗaya. Da na shiga bayan labulen na daɗe fiye da yadda ya kamata, har ma'aikaciyar ta yi gyaran murya. Na tuna ɗakin nan mai iska, na tuna hannunsa riƙe da nawa a ƙofar maɗaba'a. Sannan na dangwala wa Mai Kemis. Da na fito ban iya haɗa ido da Umma ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Mai Kemis ne ya ci, da 'yar tazara kaɗan. Unguwa ta yi hayaniyar yini ɗaya, washegari kowa ya buɗe shagonsa. Masu fastoci a ƙofa sun fara kankarewa, mai aski ya ce kawunan ɓangarorin biyu duk sun dawo masa. Jiya na wuce ta gaban kemis ɗin na ce masa barka. Ya ɗaga kai ya ce yawwa, ya ci gaba da jera kwalabe. Zan sa masa ido kamar yadda zan sa wa kowa, in ya karkace ba zan ji nauyin canza shi ba.

Ranar Litinin da la'asar na je gidan Kawu. Tsakar gidan da ba a samun wurin taka ƙafa, ba kowa sai shi, yana zaune a kan benci ɗaya cikin guda goma, da rediyo a kashe a gefensa. Sakatare ko leƙowa bai yi ba tun ranar da aka faɗi sakamako. Na gaishe shi, na ɗauki tsintsiya na share wurin, na tattara kofunan da aka bari a gindin bango. Yana kallona har na gama.

"Kin zaɓe ni?" ya ce.

Na yi niyyar in ce ƙuri'a sirri ce, mu yi dariya a wuce wurin. Amma bai taɓa yi mini ƙarya a kan kaina ba, sai na ce, "A'a, Kawu."

Na ga abin ya shige shi, kuma ba zan ce maka ya wuce ba, don har na bar gidan bai kira ni 'yata ba ko sau ɗaya. Can ya tambaye ni ko saboda takardar nan ce. Na ce ita ce. Ya gyaɗa kai, ya ce ya so ya je gidan mai walda tun ranar da aka raba ta, kunya ta hana shi, yanzu kuma za a ce don ya faɗi ne. Na ce ko me za a ce, matar tana nan, kuma ƙofarsu a buɗe take.

Hadari ya fara haɗowa. Ya miƙe ya kama gefen bencin da yake kai, ya dube ni ya ce, "Kama can, mu shigar da su kafin ruwa ya sauko."

Mu biyu muka kwashe su duka goma zuwa rumfa, yana gaba ina baya, yana ce mini in kula da dakali.

Direba ya ce ƙarshen wata za a sallame ku hutu. Ka taho da wuri, ina so ka raka ni gidan Kawu ranar da zan koma. Umma da yara suna gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka mai kewarka,
Gajeriya